Kawunan tagullar Benin: hoton sarakuna ne ko gumaka?

"Malam, ni malamin tarihi ne a wata sakandare a Funtuwa. Ɗalibaina sun ji labarin dawo da kayan tarihin Benin daga Turai, sai wani yaro ya tambaye ni: waɗannan kawunan tagulla da ake ta ce-ce-ku-ce a kansu, hoton sarakuna ne ko gumakan da ake bauta wa? In hoto ne, me ya sa duk kamarsu ɗaya? In kuma gumaka ne, me ya kai gwamnati neman su? Na ba shi amsa, amma ni kaina ba ta gamsar da ni ba."

Malam, a gaishe min da yaron nan, ya iya tambaya. Abu uku yake son sani: mene ne kan, me ake yi da shi, kuma me ya sa har yau ake jayayya a kansa. Amsar a taƙaice ita ce, ba a zuba kan don ya yi kama da fuskar wani sarki ba, kuma mutanen Edo, wato mutanen masarautar Benin da ke kudancin Nijeriya, ba su ɗauke shi abin bautar da ya halicce su ba. Amma kayan ibadar gargajiya ne, an yi yanka a gabansa, an yi roƙo a wurin da yake. Kada ka ɓoye wa ɗalibai wannan don gudun nauyin magana. Abin da ya fi rikita mutane shi ne, kullum shi kaɗai suke gani cikin akwatin gilashi ko a hoto, alhali ba a taɓa yin sa don ya zauna shi kaɗai ba.

Gidan talaka tukuna

Na saba fara wannan darasi daga gidan talaka, domin abin da Oba, wato sarkin Benin, yake yi a fada shi kowane magidanci yake yi a gidansa, dukiya da iko ne suka bambanta su. A fahimtar gargajiyar Edo duniya biyu ce: agbon, wadda muke ciki, da erinmwin, ta ruhohi da matattu. Mahalicci shi ne Osanobua. Wanda ya mutu bai yanke hulɗa da iyalinsa ba, yana iya kare su, yana kuma iya hukunta su da ciwo ko asara in suka yi abin kunya ko suka ci amanar juna. Sai dai mutuwa kaɗai ba ta mayar da mutum kakan da ake kira. Sai babban ɗansa namiji ya kammala masa bukukuwan jana'iza, waɗanda kan ɗauki kwanaki su kuma ci dukiya, sannan a sassaƙa sanda mai suna ukhurhe a jingina ta a kan dakalin ƙasa da ke cikin gidan. Dakalin nan shi ne aru erha, wurin uba.

Sandar doguwa ce mai gaɓa-gaɓa, kusa da samanta akwai rami da aka bar ɗan guntun itace a ciki, in an buga ta a ƙasa sai ta yi kacau-kacau. Da wannan ƙara da ta ƙararrawa ake kiran hankalin mamacin, a fasa goro, a zuba abin sha, a yi yanka, a faɗi buƙata. Babban ɗa ne ke tsayawa tsakanin 'yan'uwansa da mahaifinsu, shi ya sa gidan da uban ya zauna ya kuma rasu a ciki, wanda suke kira igiogbe, shi ke gadonsa. Maganar nan ba ta tsaya a tarihi ba, ta sha zuwa gaban Kotun Ƙoli ta Nijeriya, kotun kuma ta amince da ita a matsayin al'adar gadon Benin. Ka ga ke nan dakalin wurin ibada ne, kuma shaida ce ta wanda ya gaji gida.

Talaka sanda da ƙararrawa sun ishe shi. Manyan hakimai sukan ƙara da kan itace da aka sassaƙa, wani lokaci a lulluɓe shi da fallen tagulla. Su masu zubin tagullar, nasu kawunan na yumɓu ne da aka gasa. Kan tagulla zubabbe kuwa na Oba ne da mahaifiyarsa. Da ganin abin da aka yi kan da shi ka san matsayin mai dakalin.

Me ya sa kai kaɗai?

A wurin Edo, kai shi ne mazaunin tunani da hukunci da sa'ar mutum. In mutum ya yi arziki ana cewa kansa ne ya kai shi, har yanka ake yi wa kai don godiya. Kan magidanci yana ɗauke da iyalinsa, kan Oba kuwa yana ɗauke da ƙasa gaba ɗaya. Bikin Igue da ake yi a Benin a watan Disamba, jigonsa ke nan: a ƙarfafa kan Oba mai rai, daga nan kowa ya koma gida ya yi wa nasa. Akwai kuma Ugie Erha Oba, bikin tunawa da mahaifin Oba. Saboda haka da sabon sarki ya hau, cikin ayyukansa na farko akwai sa a gina wa mahaifinsa dakali, a zuba masa kawunan tagulla da ake kira uhunmwun elao. Wanda ya yi wannan ya nuna wa duniya cewa shi ne ɗan da ya gaji gidan, kamar yadda babban ɗan talaka ke yi da sanda. A masarautar da ta sha yaƙin basasa tsakanin 'ya'yan sarki, wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Nan amsar tambayar kama take. Mai zubi ba ya neman hancin wane ko kumatun wane. Sarauta yake zubawa: fuska cikakkiya ta mutum a tsakiyar ƙarfinsa, ba tsufa ba rama, idanu a buɗe, ƙwayar idon an dasa mata baƙin ƙarfe don kallon ya yi kaifi, tsaga uku a saman kowane ido, hular murjani, da tarin murjani a wuya. Murjanin shi ne alamar mulki, Oba ne ke ba da izinin sa shi. Kuma dakali ɗaya yakan ɗauki kawuna da yawa, a jere biyu-biyu dama da hagu, duk na sarki guda. Da hoton fuska ake nema, ɗaya ya isa. Sunan mai kan yana wurin dakalin da masu kula da shi, babu rubutu a jikin tagullar. Riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Yadda dakalin sarki yake muna da shaidarsa tun kafin Turawan mulki. Wani ɗan kasuwar Holan, David van Nyendael, ya rubuta a 1702 cewa ya ga kawunan tagulla goma sha ɗaya a fada, kowanne da hauren giwa a kansa. Akwai kuma hoton da wani Bature ɗan kasuwa, Cyril Punch, ya ɗauka a 1891. Dakali ne na ƙasa mai siffar rabin da'ira, an goge shi sumul. Kowane kai yana da rami a tsakiyar ƙoƙonsa, a nan ake kafa hauren, ya lanƙwasa baya ya jingina da bango. Daga ƙarni na 18 aka riƙa sassaƙe hauren tun daga gindi har tsini da siffofin sarakunan da suka wuce, jarumai, bokayen fada, damisa, kifi, da Turawan Fotugal masu dogon gashi. A tsakiya akwai zubin tagulla mai nuna sarki da fadawansa, a gaba ƙararrawa masu kusurwa huɗu, a baya sandunan ukhurhe, sai kuma 'yan duwatsun nan masu santsi da mu ma muke kira gatarin aradu, su ma sun ɗauke su abin da tsawa ta jefo. Jan tagulla da jan murjani na nuna ƙarfi da kwarjini, farin haure da farar ƙasa na nuna tsarki da sanyi. In ka cire hauren, ka share dakalin, ka wanke jinin yanka, abin da ya rage shi ne wanda yaronka ya gani a hoto.

Aikin zubi

Masu wannan aiki zuriya ce guda, Igun Eronmwon, kuma har gobe suna nan a titin Igun cikin birnin Benin. A da Oba kaɗai suke yi wa aiki, sai da izininsa za su zuba wa wani. Masassaƙan haure da itace kuwa su ne Igbesanmwan. Labarin baka na fada yana cewa a zamanin Oba Oguola aka aiko wani gwani mai suna Iguegha daga Ile-Ife ya koyar da zubi, har yau masu sana'ar suna girmama shi a matsayin kakansu. Masana sun daɗe suna muhawara a kan wannan, domin salon Ife da na Benin sun bambanta ƙwarai. Ni ina koyar da shi a matsayin abin da masu sana'ar ke faɗa game da asalinsu.

Duk lokacin da na kai ɗalibai titin Igun nakan sa su tsaya su ga aikin daga farko. Ana fara gina ƙwarya da yumɓu, a bar ta ta bushe. Sai a shimfiɗa kakin zuma a kanta, kaurin kakin shi zai zama kaurin tagullar. A jikin kakin ake yin komai: kowane ƙwayar murjani da ka gani a wuyan kan, da hannu aka murza ta da kaki aka manna. Daga nan a shafe da laka mai laushi, a ƙara mai kauri, a bar hanyar zuba ƙarfe. A gasa, kakin ya narke ya fita, a zuba narkakkiyar tagulla ta cika gurbinsa. In ta huce sai a fasa lakar. Tunda sai an fasa ake fitar da kan, babu kai biyu da suka fito daga mazubi ɗaya, ko da sun yi kama. In ka samu damar leƙa cikin tsohon kai ta ƙasa, za ka ga bangon ciki da kaushi, wani lokaci da ragowar baƙar ƙasar da ta ƙone manne a lungu. Na fi son wannan gefen da na waje, nan ake ganin hannun ma'aikaci.

Ƙarfen yawancinsa gaurayen jan ƙarfe ne da tutiya. Benin ba ta haƙo shi, saye take. An san zubi a can kafin Turawan Fotugal su iso a ƙarshen ƙarni na 15, amma zuwansu ya buɗe ƙofa: suka riƙa kawo mundayen tagulla jirgi-jirgi suna musaya da barkono da haure da tufafi da bayi. Wani binciken kimiyya da aka wallafa a 2023 ya nuna cewa tagullar yawancin mundayen nan daga yankin kogin Rayin na Jamus ta fito. Faɗi wa ɗalibai maganar bayin ma, tana cikin tarihin.

Wannan yalwa ta bayyana a jikin kawunan. Waɗanda ake ɗauka su ne mafi tsufa ƙanana ne, tsayinsu bai wuce santimita ashirin da 'yan kai ba, bangonsu siriri, murjanin wuya ya tsaya a ƙarƙashin haɓa. Na baya suka yi tsawo da nauyi, murjani ya hau har ya kai leɓe, kan ya koma kamar turmi, aka ƙara masa faffaɗan gindi mai ɗauke da siffofin damisa da kwaɗi da kan sa. Na ƙarni na 19 sun kai rabin mita, da wasu fukafukai biyu a gefen hula, waɗanda ake danganta farkonsu da Oba Osemwende. Masanan Turai na tsakiyar ƙarni na 20 sun karanta wannan a matsayin lalacewar sana'a, wai an fara da kyau an ƙare da nauyi. Ban yarda ba. Kan da zai riƙe hauren da ya fi mutum nauyin ɗauka da hannu ɗaya dole ya yi gindi, kuma sarkin da ikonsa na yaƙi ya ragu ya fi buƙatar nuna kwarjini a fada. Akwai ma masanan da ke ganin wasu daga ƙananan kawunan farko ba na sarakunan Benin ba ne, na sarakunan da aka ci da yaƙi ne, aka zuba su don tunawa da nasara. Hujjarsu tana da ƙarfi, don ba su sanye da hular sarauta. Don haka in ka ga an rubuta shekara a ƙarƙashin kai a gidan tarihi, ka ɗauke ta kintace daga salo.

Kan mace kuma na Iyoba ne, uwar sarki, kusan matsayin Mai Babban Ɗaki a Kano. Oba Esigie ne ya ƙirƙiri sarautar a farkon ƙarni na 16 don mahaifiyarsa Idia, wadda ake yaba wa da taimakonsa a rikicinsa da ɗan'uwansa da kuma yaƙin Idah. Ana gane kanta da doguwar hula mai tsini da ta lanƙwaso gaba. A dakalinta ana ajiye zakaran tagulla. Fuskar hauren da aka yi tambarin bikin al'adun baƙar fata na FESTAC da ita a 1977 ita ma Idia ce, sai dai wannan abin ratayawa ne a ƙugu, ba na dakali ba.

To bauta ce?

In gunki na nufin siffar da aka ɗauka ita ce abin bauta, kan bai cika wannan ba. Ba a yarda cewa tagullar ce ke ji ba, mamacin ake kira, kuma ka tuna talaka yana kiran nasa uban ba tare da wani kai ba. Sandar ta fi kan zama dole. Wasu 'yan Edo na yau, musamman Kiristoci da ke zuwa bukukuwan fada, za su ce maka girmama iyaye ne kawai. Amma in ana yanka dabba, ana shafa jini, ana roƙon mamaci haihuwa da lafiya da damina, ni ba zan kira shi tunawa kawai ba. Ibada ce a tsarin addininsu, kuma Musulmi ya san matsayin addininsa a kan roƙon wanin Allah. Kafin 1897 har mutane an yanka a wasu bukukuwan fada. Turawa sun kambama wannan don su halatta mamayarsu, amma ba su suka ƙirƙire shi ba. Hukuncin ajiye irin waɗannan siffofi ko koyar da su fagen malaman fiƙihu ne, ni ma'aikacin tarihi ne. Haka kuma abin da ake yi a cikin ɗakunan fada na masu shi ne, bare irina iyakarsa abin da aka nuna a fili da abin da dattawansu suka yarda aka rubuta. Abin da nake gaya wa ɗalibaina shi ne, sanin yadda wasu suka fahimci mutuwa da mulki ba shiga addininsu ba ne, kamar yadda muke karanta labarin Barbushe da Tsumburbura a tarihin Kano.

1897 da abin da ya biyo baya

A watan Janairun 1897 wani jami'in Birtaniya, James Phillips, ya nufi Benin da tawaga duk da an aika masa ya dakata, Oba yana cikin ibadar da ba ya ganin baƙo. Aka yi musu kwanton ɓauna a hanya, aka kashe shi da yawancin mutanensa. A watan Fabrairu rundunar mutum kusan 1,200 ƙarƙashin Harry Rawson ta ci birnin, kuma cikin sojojin Afirka da ke rundunar akwai waɗanda takardun Turawan suka kira Hausawa. Aka kwashe dubban kayayyaki, gobara ta cinye fada, aka kai Oba Ovonramwen Kalaba inda ya rasu a 1914. Kayan suka watsu ta hanyar gwanjo: gidan tarihin Birtaniya da ke Landan yana riƙe da sama da 900, Balin ta tara sama da 500. Wani kundin intanet da aka buɗe a 2022 ya lissafa kaya 5,246 a cibiyoyi 131 cikin ƙasashe 20.

Ga inda maganar suna ta dawo. Waɗanda suka kwashi kawunan ba su rubuta daga wane dakali aka ɗauko wanne ba. Aka tara su wuri ɗaya, aka zare haure daga kai, kai ya tafi wannan gari haure ya tafi wancan. Shi ya sa yau kusan kowane kai sunansa "kan wani Oba". Wannan asarar ta fi ta tagullar ciwo a wurina, don ko an dawo da kan, ba a dawo da sanin na waye ba.

Sarautar kuwa ba ta mutu ba. Eweka na II ya hau a 1914, ya sake gina fada, ya tara masu zubi, ya sa aka yi wa mahaifinsa Ovonramwen dakali da sababbin kawuna. Akenzua na II ya gaje shi a 1933, Erediauwa a 1979, Ewuare na II a 2016, kuma ana ci gaba da bukukuwan. Saboda haka fada ba kayan wata al'umma da ta shuɗe take nema ba, kayan gidanta take nema.

Dawowar ta fara da kaɗan. A watan Oktoban 2021 wata kwaleji a Kembirij ta miƙa zakaran tagulla, Jami'ar Aberdeen kuma ta miƙa kan Oba da ta saya a gwanjo a 1957, duka biyun suka isa fadar Benin a Fabrairun 2022. A Yulin 2022 Jamus ta sa hannu kan mayar da mallakar kaya sama da 1,100. A Maris 2023 gwamnatin Buhari ta ayyana Oba a matsayin mai kayan, abin da ya tayar da ƙura a Turai, wasu na cewa sun ba al'ummar ƙasa ne, ba gidan sarauta ba. A 2025 Holan ta dawo da 119. Dalilin gwamnati ba na ibada ba ne: kaya ne da aka ƙwace da bindiga, kuma ga mutanen da ba su ajiye tarihinsu a takarda ba, haure da tagulla su ne kundin sarakunansu.

Ra'ayina, mallaka ta fada ce, daga can aka ɗauka. Amma ina son a samu wurin da ɗan makaranta daga Funtuwa zai je ya gani ba sai ya san wani a fada ba, kuma a nuna kai da haurensa da sandunansa tare, yadda aka yi su. Kafin nan, in za ka koyar da darasin, nemo hoton Punch na 1891 ka ajiye shi kusa da hoton kai guda na gidan tarihi, ka bar yaran su lissafa abin da ya ɓace tsakanin biyun. In kuma makarantarku ta shirya tafiya kudu, gidajen tarihin ƙasa na birnin Benin da na Onikan a Legas suna da kayan Benin, titin Igun kuma a buɗe yake ga baƙi, sai dai a nemi izini kafin a ɗauki hoto.